Nguroje da Dajin Gashaka: amsa ga mai son kwashe iyali zuwa kan dutse

 

Saƙon da zan amsa a wannan mako ya fito ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a Gadarif tun da yaƙi ya tashe su daga Madani a watan Disamba na 2023. Yana da mata da 'ya'ya shida, da ɗan abin da ya tsira da shi na jari, da hawasha guda da ya gada a Jazira. Wani surukinsa ya ce masa ya sayar da hawashar ya taho Najeriya, can kan dutsen Mambila, wai akwai duwatsu masu tsada a ƙasa, ga katako, ga ruwan sama har a gaji. Ya ji labarin na taɓa zuwa, shi ne ya ce: Alhaji, in tafi ko in zauna?

Na je ɗin kuwa, lokacin da muke zaman gudun hijira wajen dangi a Kano. Da hunturu ne. Na yi kwana 12 tsakanin Serti da Nguroje da Gembu. Kwana 12 ba ya sa mutum ya zama ɗan gari, amma ya isa ɗan kasuwa ya ga abin da ke shiga mota da abin da ke fita.

Sai ka fara sanin cewa wurin da nisa, ko ga mutanen Kano. Daga Kano ka bi Bauchi, Gombe, Numan, ka kwana Jalingo, babban birnin jihar Taraba. Washegari ka kama hanyar Bali, daga nan Serti. Wannan hanyar tana cin mota, tana cin ƙugu. Duk kayan da za ka kai can ko ka ɗauko daga can, sa kuɗin wannan hanya a lissafinka tun kafin ka yi ciniki, domin ita ce abokiyar tarayyarka ta farko, kuma ba ta yafe rabonta.

Serti tana ƙasa, gindin duwatsu, da zafi kusan irin namu. Nan ne hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka, nan fadar Lamɗon Gashaka take, nan kuma ake neman izinin shiga gandun dajin da ake kira Gashaka Gumti. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗa Gashaka ta kudu da Gumti ta arewa suka zama gandu ɗaya na gwamnatin tarayya. A cikinsa ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya yake, Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mita 2,419. Ban hau ba. Gwiwa ta shekara hamsin da ɗoriya ba ta wannan aiki ba ce, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙasa da 'yan dako.

Mu mutanen Bahar Azrak, in an ce gandun daji, Dindir muke tunawa. Ya girmi Gashaka, tun 1935 aka keɓe shi, ya kuma fi shi faɗi. Amma duk wanda ya san Dindir ya san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, baƙar laka mai tsagewa da rani, kogi ya ƙafe ya bar yashi da 'yan tafkuna, goruba a baki, namun daji su taru a fadamun da ake kira maya, kai kuma kana cikin mota kana kallonsu daga nesa. To Gashaka ta kudu ba haka take ba. Can kurmi ne. Ka shiga da tsakar rana sai ka ga kamar magariba ta yi. Itatuwa ne da sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu, saiwoyinsu sun fito waje kamar katangar ɗaki. Ƙasa a jiƙe, ganye yana ruɓewa, ga wani wari kamar na rumbun da ruwa ya shiga. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka namu sau huɗu ko biyar, damina kuma tun daga wajen Afrilu har Oktoba ko Nuwamba. Ko da hunturu da na je, koguna suna gudu, ruwa garai-garai kana ganin duwatsun ƙasa. Ɗan Jazira da ya saba da ruwan tur'a mai launin shayi da madara, sai ya tsaya yana kallo kamar ƙauye ya shigo birni.

Ba a shiga kai kaɗai. Ana biyan kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandu. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka, inda masaukin baƙi yake, hanya ce ta mota mai ƙarfi ko babur, kuma akwai kogi a gaba, da damina kan hana wucewa. Kusa da ƙauyen akwai wani gurbi a kogin Kam inda dorina ke zama, akwai kuma kufan ganuwar Jamusawa a kan tudu, tun zamanin da yankin yake hannunsu kafin yaƙin duniya na farko. Na ga gwaggon biri ba adadi, na ga gadu, na ga wani baƙin biri mai farin gashi a gefen jiki da jela, kamar an yafa masa mayafi. Ɓauna kuwa sawunta kawai na gani. 'Yan'uwanmu masunta na bakin Dindir da Rahad za su so su ji cewa akwai giwan ruwa da tsage a kogunan, amma a ajiye koma a gida, ba wurin su ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ban gani ba, na dai ji shi. Hausawan wurin suna ce masa biri mai ganga. Shi ne babban birin nan marar jela mai kama da mutum. Yakan samu irin waɗannan saiwoyi masu faɗi ya riƙa dukansu da hannu da ƙafa, sautin ya tafi nesa cikin kurmi, dum dum dum, sai ihu ya biyo. Da asuba muka ji, ni da ma'aikacin da ke tare da ni. Ya ce mini haka suke sanar da juna inda suke. Suna kuma gyara tsinke su zura a rami su lashi zuma, ko su kwaso tururuwa. Irin na wannan yanki, wato na Najeriya da Kamaru, shi ne mafi ƙaranci a cikin dangin wannan biri, kuma Gashaka tana cikin manyan wuraren da suka rage masa. Masu bincike daga wata jami'a a Landan sun yi shekaru a wani sansani da ake kira Kwano suna bin sawunsa. Ni dai sunan ne ya burge ni. Bahaushe ya shiga kurmin da ba nasa ba, ya ji kiɗa ba makaɗi, ya raɗa suna, sunan ya zauna.

Yanzu maganar katako, tunda tana cikin abin da surukinka ya kwaɗaita maka. Itacen da ake nufi madobiya ne, a Taraba ana ce masa Madrid. An yi wasu shekaru ana sare shi kamar ana gaba da shi, tireloli suna kwasa zuwa Legas, daga can a loda a jirgin ruwa zuwa Sin, inda ake kujeru da gadaje masu tsada da shi. Wasu sun yi kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma daga 2017 itacen ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da shi daga Najeriya. Na waje ya ƙare ko ya kusa, manyan da suka rage suna cikin gandu, shiga gandu da zarto kuwa laifi ne na ɗauri. An rasa rayukan ma'aikatan gandu a kan wannan harka. Baƙo mai lafazin Sudan, marar dangi a ofis, in aka kama mota da kayansa, wa zai je belinsa? Ni ban ga kasuwanci a nan ba, caca na gani.

Akwai kuma abin da mu ya kamata mu fi kowa ganewa. Kogunan da ke fitowa daga wannan daji su ne ke zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lokoja. Masunci a Ibi ko manomin shinkafa a bakin Binuwai yana cin arzikin dutsen da bai taɓa gani ba. Mu ma haka muke. Audugar Jazira da dawarta da gyaɗarta, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan duwatsun Habasha suke sha. Da za a ce mana wasu baƙi sun je can suna aske duwatsun, mun san abin da za mu ce.

Daga Serti sai Mayo Selbe, daga nan hawa ya fara. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, manyan motoci suna nishi a giya ta ɗaya. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, mutanen wurin suka ce ladan ɗan dako ke nan a zamanin da ba mota, sule biyu da sisi, ya haura da kaya a ka. Kunne yana toshewa. Sai kawai ka ga itatuwa sun ja baya, duniya ta buɗe: tuddai marasa iyaka, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, shanu ko'ina, iska mai sanyi ta bugo ka. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600 daga teku. Ka wuce Maisamari, ka isa Nguroje.

Nguroje ƙaramin gari ne, amma na kasuwa. Gidajen jan bulo da rufin kwano, an kewaye su da itacen zaiti, wanda mu muke kira ban, shi ne itacen girki, shi ne na gini. Da asuba hazo yakan rufe gari har ba ka ganin mai sallah a sahu na gaba in a waje kuke. Alwala da ruwan randa sai mai ƙarfin hali. Jallabiyata ta Omdurman ba ta yi mini komai ba, sai da na sayi rigar sanyi ta gwanjo da hular ulu, na zama kamar ɗan dambe. Wanda zai zo da yara ko tsofaffi ya riƙe wannan da kyau: jikin da ya saba da zafin Sinnar yana shan wuya a makonnin farko, tari da mura ba sa wuya. Sauro dai da sauƙi ƙwarai in an kwatanta da bakin tur'a. Haka kuma tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore, ba ya son wannan tsayi, shi ya sa Fulani suka cika dutsen da dukiya.

Harshen kasuwa Fulatanci ne da Hausa. Ka ji Hausa ko'ina, za a fahimce ka, sai dai za a yi dariyar 'yan kalmominmu. Na ce wa mai shago ya ba ni kis, sai ya tsaya yana kallona, ashe leda zan ce. Na ce tamam, suka ce Balarabe ya zo. A Sudan mu ne Fallata ko Takari, a nan kuma mu ne Larabawa. Ka shirya wa wannan, ba da mugunta ake faɗa ba, amma yara sukan ji shi a rai. Masu ƙasar su ne Mambilawa, tare da Kaka da Panso da Kambu da Fulani, Musulmi da Kirista. Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a can, suna da unguwanni da masallatai da mahauta, kuma sun karɓe ni hannu biyu. Da na ce kakana ya bar ƙasar Sakkwato a ayarin da ya bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Wannan yanki ma bai zama Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, shi ya sa ƙaramar hukumar take da sunan Sardauna, hedikwatarta kuma Gembu, gaba da Nguroje.

Me ke sauka daga dutse? Shanu, na farko. Sai masara, wake, dankalin turawa, ayaba, fiya, zuma, man shanu, da ɗan kofi. Fiya a lokacinta tana yawa har ta zube a ƙasa, a Kano kuwa da tsada. Kowa ya ga wannan sai ya ce ga riba. Amma kaya ne mai nuna a hanya, mota ta lalace kwana biyu a tsakanin Serti da Bali, ka tashi da kwandunan man shafawa. Masu yin wannan fatauci suna da direbobinsu da dillalansu a ƙasa, sun san ranar da za a tsinka. Zuma da wake sun fi haƙuri, kuma da su zan fara in ni ne.

Sai shayi. A Kakara, kusa da Nguroje, akwai gonar shayi da masana'anta, ita ke yin Highland Tea. An fara aikin tun shekarun 1970. Tuddai ne kore shar an aske su daidai kamar kan ango, mata da kwanduna a baya suna tsinkar toho. Ɗan Sudan ba zai ga wannan bai yi lissafi ba, tunda mu ba ma noma shayi, amma muna shan sa ƙwarai, daga mai shayin bakin titi har gidan biki. Yawancin namu daga Kenya yake zuwa, kuma kun tuna yadda aka hana shigo da kayan Kenya a watan Maris na 2025. Na yi lissafin a takarda, ya ƙi fita. Na Kenya yana hawa jirgi a Mombasa ya sauka Port Sudan. Na Kakara sai ya sauko dutse, ya ratsa Najeriya, sannan ko teku ta Legas ko hanyar Chadi da Darfur wadda yaƙi ya rufe. Wanda ke zaune a Kano ko Maiduguri zai iya sarinsa ya sayar wa masu shayi, wannan kam sana'a ce.

Me ke hawa dutse? Kusan duk abin da masana'anta ke yi: sukari, gishiri, sabulu, atamfa, takalman roba, kayan babur, fitilun sola, magungunan dabbobi. Babur shi ne jakin wurin, duk ƙauyen da mota ba ta zuwa shi ke zuwa. Iyakar Kamaru kuma tana kusa, ana hulɗa da mutanen Banyo, ana canjin sefa da naira. Mai ƙaramin jari da ya iya zaman shago, ya iya haƙuri da bashi, zai ci abinci. Ba zai yi kuɗi a shekara ɗaya ba.

Duwatsu masu tsada kuwa, akwai su. Shuɗin yakutu ne, a Mayo Sina, ba nisa da Nguroje. Yana da kyau har ana kai shi Bankok, kuma masu saye sukan zo daga Senegal da Mali da Gini. To amma ɗan'uwa, kai ɗan Sudan ne, ka ga abin da dahab ya yi mana. Samari nawa daga ƙauyukanmu suka tafi Abu Hamad da injin neman zinariya na bashi? Nawa suka dawo da mota, nawa suka dawo da tari? Dutse ya fi zinariya wuyar sha'ani ma, domin zinariya ana aunawa, farashinta sananne ne. Yakutu kuwa ido ne: launi, tsabta, tsaga a ciki. Wanda bai yi shekaru yana juya shi a tafin hannu ba, kwalba ma za a iya sayar masa. Ga kuma hukuma, wadda ta sha hana haƙa marar lasisi tana korar mutane daga ramuka. In ka ga dole sai ka ci daga wannan harka, sayar wa masu haƙa shinkafa da tocila da takalmin ruwa. Su ne kullum suke biya, ko an samu ko ba a samu ba.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce ƙasa. Kana ganin tuddai ba kowa sai ciyawa, ka ɗauka fili ne a banza. Babu taki ɗaya da ba mai shi. Tsakanin manoma da makiyaya akwai tsohuwar jayayya a kan wa ke da ina, kuma a watan Yuni na 2017 ta fashe, aka rasa rayuka da dukiya mai yawa. Lokacin da na je lafiya lau ake, ana ciniki tare, ana gaisawa. Amma mutumin da yaƙi ya kora daga gidansa bai kamata ya kai kuɗin gadonsa ya binne a filin da ake harara a kai ba. Haya ta ishe ka. Hawasharka kuwa, ko yanzu tur'a ta cushe da ciyawa, ko ba iri ba taki, ƙasa ce mai takarda da sunan ubanka, a wurin da kowa ya san kakanka. Tun da sojoji suka dawo Madani a Janairun 2025 mutane suke komowa kaɗan-kaɗan, nan Wad Haddad ma kasuwa ta fara tashi. Wanda ya sayar yanzu, a farashin tsoro zai sayar. Ka ba wani amintacce ya noma a raba.

Ga uwargida kuma, tunda na san tare za ku karanta. Hajiya, ki tambayi maigida abu uku kafin a ɗaure kaya. Na ɗaya makaranta: yaranku da Larabci suka yi karatu, can kuwa boko da Turanci ake yi. Na firamare za su kama da wuri, amma mai shekara 15 da ke shirin jarrabawar shahada zai koma baya shekara biyu ko uku, in ma bai bari gaba ɗaya ba. Islamiyya dai za su zama malamai a cikinta. Na biyu asibiti: akwai a Gembu, amma ciwon da ya fi ƙarfinsu sai an sauko dutse, tafiyar yini zuwa Jalingo. Mai ciki ko mai ciwon sukari ta yi tunani. Na uku takardu: a Najeriya kusan komai, daga layin waya har asusun banki, sai da lambar NIN, gurbin karatu da aikin gwamnati kuma sukan nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Cewa kakanka ɗan Sakkwato ne ba ya isa a gaban tebur, sai an samu dangi da mai unguwa da suka tsaya maka, kuma wannan a garin kakanni ake yin sa, ba a Gembu ba. A bi ta hanyar da doka ta tanada, kada a sayi takardar bayan fage.

Shawarata ke nan: ka je kai kaɗai, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da hanya ta bushe, kogunan gandu suka ja baya. Ka ɗauki abin da ko ya salwanta ba zai hana yara cin abinci ba. Ka zauna wata biyu a shagon surukin naka kana kallon abin da ake tambaya ba a samu. Ka tsaya har ruwan farko ya sauka, ka ga yadda hanya take komawa da yadda farashin mota yake tashi, domin Mambilar hunturu da ta damina ba gari ɗaya ba ne. A hanyar dawowa ka tsaya Serti ka nemi izini ka kwana biyu a Gashaka, ka tashi kafin asuba ko Allah zai sa ka ji gangar. Ka tafi da takalmi mai rufi da safa doguwa saboda tururuwa, ka kuma riƙe kuɗi a hannu, domin waya ba ta kamawa a cikin kurmi.

Wanda ke zaune a Gembu ko Nguroje cikin masu karatu, ya aiko mana da farashin buhun wake da galan ɗin zuma na bana, da kuɗin mota zuwa Jalingo, in sa a fili mako mai zuwa in Allah ya kai mu.